Tsamiyar Kademi Mai Sabis

A duk Kademi, gindin tsamiyar bayan gari kaɗai ke da sabis, don haka can Muntasir yake kai kwamfutarsa, ko magariba ba ta korarsa. Manhaja ya rubuta wadda ke bin rubutun masu haɗa manhajoji layi-layi tana tsinto kuskure, ya sake ta kyauta a intanet. Sai ga wani marar suna kullum yana cusa gyaran da Muntasir bai amince ba, aiki ya wargaje.

Ran nan ya buɗe, ya tarar an kuma. Ya daki ƙasa.

"Wane marar kunya ne wannan? Ka faɗo wa mutum aiki ko sallama babu! Allah ya isa!"

Kukan tsuntsaye ya ɗauke ɗif. Ƙaurin ƙonannen gashi ya taso.

"Sallama?" in ji wani tsoho tsugune a gefensa, wanda bai ga zuwansa ba. "Kai ka taɓa yi mana, yaro? Tun damina kake zaune a ƙofar gidanmu kana zage-zage."

Leɓen tsohon bai motsa ba. Daga kogon tsamiyar muryar take fitowa. A fuskar kwamfutar kuwa, layukan Muntasir suna gogewa ɗaya bayan ɗaya, alhali hannayensa duka biyu suna kan cinyarsa.