Gurbin Inna a Motar Lis

"Tambayarta ka yi, ko tsaya mata ka yi a ka kamar askari?"

Ramlatu ta dire tiren shayi a gaban mijinta har kofunan suka yi ƙara. Hashimu ya ɗago da mamaki. Ya ce shi bai ga abin faɗa ba. Ya tsaya da safe a unguwar Mansur, nan cikin Makka, inda mahaifiyarta Inna Rabi take suyar waina, ya gaishe ta, ya ce mata za su bakin teku, ko za ta zo. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce a'a, su je, Allah ya kiyaye hanya. Shi ke nan ya ba ƙaninsa Lurwanu kujerar gaba.

"A gaban masu sayen waina?"

"To a ina zan same ta, ya galbi?" Haka yake kiranta da Larabci, wato zuciyata.

"Kar ka ce min ya galbi."

Tun da alhazai suka watse aikin jigila ya yi sauƙi, gidansu na unguwar Zahir ba shi da wata hira sai ta wannan tafiya. Wani masunci ne a Lis, garin bakin teku, ya gaya wa Hashimu cewa a wannan lokacin manyan kifayen nan masu feso ruwa ta ka, irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa, sukan matso kusa da gaɓa. Ya yi alkawarin fita da su a jirginsa su gani. Hashimu ya wanke babbar motarsa, ya aro tanti, ya tanadi durom na ruwan sha da risho da tabarmi. Hanyar rairayi ce mai jijjiga, kuma wuri ɗaya ne tsohuwa za ta iya jurewa, wato gaban mota.

A Makka aka haifi Hashimu, haka ma mahaifinsa. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, ya tashi a hannun maƙwabta Hijazawa, inda suruki yake sumbatar kan uwar matarsa su ci abinci a faranti ɗaya. Ramlatu kuwa a goye ta shigo ƙasar, ta hanyar Sudan.

Ta yi ƙoƙarin yi masa bayani, amma fushi ya hana maganar fita a tsare. Ta ce suruka ba ta buɗe baki ta ce wa mijin 'yarta tana son abu. Ba ta zama kafaɗa da kafaɗa da shi. Babba ake turawa, a roƙe ta, ta ƙi, a sake roƙo. Jiya da ta je gidan Inna ta ga kilishi shanye a kan soro, ta ga zanen saƙin nan da ba ya barin ƙasan akwati an fito da shi yana shan iska. Inna ba ta ce mata komai ba, don ita 'yar fari ce, ko sunanta ba ta kira. Amma wa yake yin kilishi haka kawai?

Hashimu ya ture kofinsa. Ya ce shi ba boka ba ne da zai karanta kilishi. Wanda yake son abu ya faɗa, halas, magana ta ƙare. Ya sha wahala yana shirya abin da zai faranta wa kowa, ga sakayyar da ya samu.

"Shekara nawa kuna Makka," ya ce, "har yanzu kuna zama kamar jiya kuka sauko daga jirgi."

Ramlatu ta tsaya cak. Muryarta ta yi ƙasa.

"Mun sauko. Amma ba mu duka ba."

Ya san mahaifinta ya rasu a hanya, bai taɓa tambayar a ina ba. Yanzu ta gaya masa, kamar yadda ita ma ta tsinta a bakin tsofaffin matan unguwa. Daga Sawakin, a gaɓar Sudan, suka tsallako a jirgin katako. Mata suna can ƙasa an lulluɓe su da tabarmi don kada a gan su. Zazzaɓi ya ɗauke mahaifinta Malam Wada a tsakiyar ruwa, maza suka yi masa salla a sama suka sake shi. Inna ba ta ga komai ba, ƙarar faɗawarsa kawai ta ji. Daga baya ta ji wani irin numfashi mai ƙarfi a gefen jirgin, matuƙan suna ta kabbara. Ta tsallake tekun nan gaba ɗaya ba ta gan shi da idonta ba, har yau.

"Kai kifi za ka kalla," in ji Ramlatu. "Ita kabarin mijinta za ta gani."

Ya buɗe baki, ta riga ta ɗauki mayafinta. Ta ce in Inna ba ta cikin motar nan, ita ma ba ta ciki, kuma kada ya zo biko da Larabcinsa.

A Mansur ma ba ta sami sanyi ba. Inna Rabi ta dube ta, ta dubi ƙullin kayanta, ta ce wane irin sakarci ne mace ta bar ɗakinta saboda yawon kallon kifi. Ita dama ba ta ce tana zuwa ba. Ta tashi ta ninke zanen saƙin a nitse, ta mayar da shi ƙasan akwati, ta rufe.

Wannan ya fi maganar Hashimu ƙona ran Ramlatu. Ta fita tsakar gida ta hau wanke kaskon waina da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi. Tana jin haushin mijin da ba ya gane shiru, tana jin haushin uwar da ta gwammace ta mutu da abu a ciki da ta faɗe shi. Ita ce a tsakiya, kowa ta juya wajensa sai ya ce ita ce mai neman fitina.

Washegari bayan la'asar sai ga Gwaggo Hadijatu, yayar mahaifin Hashimu, tana dogara sanda, da ƙullin goro da dabino. Tun daga ƙofa take faɗa. Ta ce yaron nan ya zo mata ido ja, ta wanke shi tas, ta gaya masa ko jaki ya san ba a shiga gonar surukai ta gaba. Ta zauna, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka yi maganar ciwon gwiwa da tsadar gero. Can ta ce yara sun matsa mata sai ta je bakin teku, ita kuwa ba za ta zauna cikin ƙananan yara ba abokiyar hira ba.

Inna ta ce ina, waina ba ta soya kanta.

Gwaggo ta ce to ita ma ta fasa, su je su ce Rabi ce ta hana ta.

Inna ta jujjuya goro a hannu. Sannan ta ce to, saboda Gwaggo. Amma a baya za ta zauna, cikin kaya.

Ramlatu da ke laɓe a bakin ƙofa ta ciji leɓe. A bayan motar nan, cikin rana da jijjiga, tsohuwa ba za ta kai rabin hanya da lafiya ba. A gaba kuma ba za ta taɓa zama kusa da Hashimu ba. Kowa ya san ba ya barin ko ƙuda ya taɓa masa sitiyari. Ta ce a ranta an dai yi aikin banza.

Ranar tafiya da hantsi motar ta tsaya a bakin lungu. Ramlatu ta fito da fuskarta a ɗaure, Inna na biye da ita cikin zanen saƙi, tana kallon ƙasa.

Lurwanu ne a kan sitiyari, yana ta gumi. Gwaggo tana tsakiya ta bar gurbi a bakin taga. Hashimu yana can baya a takure tsakanin durom da tanti, ya juya wa ƙofar gidan baya don kada su haɗa ido da surukarsa.

Inna ta ɗan tsaya. Sannan ta shiga.

Ramlatu ta hau baya ta zauna a kan tabarmi, nesa da shi gwargwadon yadda wurin ya bari. Ya ce mata sannu, ta kalli titi. Lurwanu ya sa giya ta yi wani gurnani, Hashimu ya runtse ido kamar haƙorinsa aka zare.

"Zai kashe min mota," ya ce a hankali.

"Ta mutu."

"Ramlatu... ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba."

Kafin su fita Mansur sai hannun Inna ya leƙo ta taga, riƙe da sabuwar malfa da ƙullin kilishi.

"Ke," ta ce, ba tare da ta waiwayo ba. "Miƙa wa wancan. Ranar hanya ba ta da kirki."

Ramlatu ta karɓa. Ta daɗe tana kallon malfar. Irin wadda ake saƙawa a gida ce, ba a yi ta a kwana ɗaya ba, kuma daidai kansa. Ta matsa ta kifa masa ita da ƙarfi har ta rufe masa ido.

"Za ki fasa min kai, ya galbi."

"Na so."

Iska ta taso za ta ɗauke malfar, ta danne ta da tafin hannu. Har suka bar duwatsun Makka a baya ba ta sake yi masa magana ba, hannun kuma bai sauka ba.