Baƙon Da Ya Shanye Nonon Bappa

Ranar da Fanta ta fara ganinsa, yana tsaye gaban allo da sassafe, babu ɗalibi ko ɗaya. Shamsuddeen ke nan, ɗan mutanen Rano da aka haifa a Landan. Ƙungiyar da ke aiko wa makarantar 'ya'yan makiyaya ta Unguwar Gai littattafai ce ta turo shi aikin sa kai na wata uku.

"Malama, ina yaran?" ya tambaya da Hausarsa mai ɗingishi.

Ta ja mayafi ta rufe dariyarta. "Suna wajen tatsa, Malam. Mu nan sai shanu sun sallame mu muke karatu."

Ya yi murmushi, ita kuwa ta ji wani abu ya faɗo mata a ƙirji.

A shekarar ne sabis ɗin waya ya iso yankin, sai ta hau dutsen bayan ruga kafin saƙo ya shigo. Rannan ta karanta saƙon Shamsuddeen:

"Fantata, na zo koyarwa, ga shi kullum ke kike koya mini. Na ƙara wata uku. In kin yarda, in ƙara rayuwata duka."

Ta rubuta masa: "Ɗan Landan, je ka gaida Bappa."

Ya kuwa je. Bappa Hammadu, ƙanin mahaifinta da ya riƙe ta, ya sa aka kawo wa baƙo ƙwaryar nono. Bawan Allah ya kafa kai ya shanye tas a gaban dattijon, har da lashe leɓe, don a saninsa rage abincin mutane raini ne.

"Wannan za ki aura?" in ji Bappa da yamma. "Wanda bai ji kunyar surukai ba, gobe a jirgi zai saka ki, makarantar taku ta mutu. Ga Mato nan, tun bara yake zarya."

Fanta ta hau dutse tana kuka, ta kira shi a waya. "Ka kashe ni, ɗan Landan! Ana shan nono gaban suruki?"

"Wallahi girmamawa na ɗauka, hasken idona. Ki ba ni damina ɗaya."

Ranar tafiyarsa ta zo ta wuce, yana kan rufin aji yana buga kwano. Ya rubuta wa abokansa na can, suka aiko da alluna da akwatin magani, biyu ma suka zo da kansu.

Bayan kaka, wata rana da azahar, sai ga Bappa a makaranta da ƙwaryar nono a hannu. Ya dire ta gaban Shamsuddeen, wanda tun safe bai sa komai a baki ba. Fanta ta laɓe a taga, ta dafe ƙirji.

"Bismillah, Malam."

Ya sunkuyar da kai. "Alhamdulillahi, na ƙoshi, Bappa."

Sau uku ana yi masa tayi yana ƙi. Sai cikinsa ya yi wani ƙugi da kowa ya ji.

Bappa ya tuntsire da dariya. "Cikinka ya tona maka asiri, amma ka koyi kunya. Turo magabatanka."

An ɗaura aure ranar Juma'a, ɗalibai na ta murna. Da aka watse, Fanta ta tura masa ƙwaryar nan gabansa.

"Sha, angona. Yau babu mai kallo."

Allah Ya bar su tare, Ya raya makarantar da ta haɗa su.