Miyar Ranar Balkisa

Motar tattasai ta mutu wa Jibril a Diffa, yana shirin komawa Damagaram. Bakanike ya ce gobe, kamar yadda suka saba cewa. Aka sauke shi a gidan Iya Laraba, inda iyalai da dama da suka gudo daga Najeriya ke zaune tare. Gidan ba ya zubar da komai: ruwan wanke-wanke na shayar da yakuwa, tsohuwar taya ta zama kujera. Girki kuwa karɓa-karɓa ne, kowace mace da ranarta.

Zuhura, jikar Iya, ita ke kai wa baƙo abinci kullum. Ran farko ta ajiye kwano, suka haɗa ido, ya manta bisimilla. Kafin mako ya fita sun yi musayar lamba.

Wata rana ya sha miyar banda, ya rubuta mata: "Tauraruwata, hannun da ya dafa miyar nan shi zan aura."

Ranar girkin Balkisa ce, budurwar ɗakin gefe.

Amsa ta zo: "Allah ya sanya alheri. Ɗakinta ne mai koren labule."

Washegari Balkisa ta kawo kwanon tana murmushi. Zuhura kuwa na ƙofar gida tana ƙyalƙyala dariya da Modu mai kifi, mutumin da bai taɓa ba kowa dariya ba. Jibril ya ture kwanon gefe.

Ya kai kuka wurin Iya. Ta ce, "Ɗana, ba na ba da jikata ga wanda zai ɓace da zarar injin ya tashi."

Injin ya tashi. Jibril ya miƙa wa wani direba makulli, ya tare Zuhura bakin murhu.

"Yaushe ne ranarki?"

"Alhamis. Ina ruwanka?"

Ran Alhamis ta juye barkono a miya da gangan, ta dire masa kwano a tsakar gida, ta tsaya riƙe da ƙugu. Ya sha yana hawaye, yana jan hanci, har ya suɗe.

"Ya miyar, malam?"

"Wallahi ba daɗi, Zuhura. Ƙaro mini."

Ta kauda kai don kada ya ga dariyarta.

Aka ɗaura aure bayan girbin tattasai. Iya ta dafa kawunansu ta ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka." Duk gidan ya amsa da amin, har Modu, ko da yake tasa ba ta fito sosai ba.