Injin Numfashi Guda Ɗaya

Kwana ashirin ke nan da rasuwar surukinta, har yanzu babu mai amsa gaisuwar Likita a gidan. Tun farkon annobar cutar numfashi ta koma ɗan ɗakin bakin ƙofa don kada ta kwaso musu ciwo daga asibiti. Ta tagar ɗakin take jin duk abin da ake faɗa a falo.

"Ka sallame ta kawai," in ji yayar mijinta. "Inji yana hannunta ta ba bare. Da ubanta ne za ta yi haka?"

Mijin ya ce, "Yaya, ni ban ce ta yi laifi ba. Kallonta ne ba na iyawa."

Wannan maganar ta fi zagin yi mata ciwo.

Ranar da aka kawo tsohon, ita ce a bakin aiki a sashen gaggawa. Injin numfashi ɗaya ya rage, mutum biyu ke jiransa: shi da wata mai cikin wata bakwai. Ƙa'ida ita ce a ba wanda ya fi alamar tashi. Likita ta sa hannu, aka tura injin gadon matar. Kafin la'asar tsoho ya cika.

Ba ta kare kanta ba. Kullum sai ta gaida su daga nesa, ta tafi aiki, ta dawo da shatin takunkumi a fuska.

Wata rana da yamma ta ga uwar mijin tsaye a ƙofarta, ta rame ƙwarai.

"Mama, ja takunkumin ya rufe hanci."

"Ke dai ko a gida ba kya ajiye likitancin nan." Ta gyara takunkumin. "Abu ɗaya ke hana ni sukuni. Shi kaɗai ne a lokacin da ya cika?"

"Ina wurin, Mama. Yana riƙe da hannuna. Da murya ya gane ni, ya ce, 'Ke ce, 'yata? Yaushe rabonki da abinci?' Ya ga lokacin da aka wuce da injin. Ya ce, 'Yarinyar ta samu?' Na ce ta samu. Ya ce madalla."

Tsohuwa ta dafa bango, hawaye na jiƙa takunkumin. "Halinsa ke nan. Me ya hana ki faɗa mana?"

"Ba wanda ya tambaye ni, Mama."

Ashe mijin yana tsaye bayan uwarsa. Ya matso, ya zauna a ƙasa, taku uku tsakaninsu, don ba halin rungumar juna.

"Ki yafe mini," ya ce.

Likita ta gyaɗa kai, sai ga kukan da ta danne kwana ashirin.

Baƙin ciki yakan sa mutum neman wanda zai ɗora wa laifi, kuma na kusa da shi ya fi sauƙin samu. Da ta rama da zafi, da auren ya mutu kafin a yi mata tambayar da ta wanke ta. Haƙurinta ne ya riƙe gidan.