Littafin da Na Saya da Ƙuli Bakwai

Ku matso kusa, a rage fitilar nan. Hansatu, ke kika tambayi littafin da ya fi tsaya min a rai bana, to ki saurara.

Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da yatsa nake bin baƙi. Marigayi maigidana shi ke karanta min bayan la'asar, yana yi yana ɗan tarinsa. Tun da ya rasu, tsofaffin littattafan da nake saye don ƙunshe ƙuli su suka zama abokan hirata. Kafin in yage shafi sai na lallaɓa na karanta shi. Bana na gama huɗu. Na fi son na wani mai fito da kwalekwale, sai dai ƙarshensa ya bi wani direba tasha, da ƙuli a ciki.

Na biyar ɗin shi ne maganar.

Ranar kasuwa ce, rana tsaka. Na yanke ta hanyar tsamiyar rafi ni kaɗai, tire cike a kaina. Sai ga wani dattijo zaune a gindinta, da littafi mai kauri a cinya, ba bango. Na yi sallama. Bakinsa ya motsa, amma amsar ta bayana na ji ta. Na dubi yashi. Sawuna ne kaɗai.

Ya kamata in wuce. Amma takardar mai kyau ce, irin wadda mai ba ya ratsawa.

Na ce ya sayar min da littafin. Ya ce tiren ƙulin duka yake so. Na yi dariya, na ce ko a birni ba a taɓa yi min wannan ba. Na taya rabi. Na juya littafin, na kushe shi, na sauko kwata. Bai ce albarka ba. Duk ragin da na yi, sai ya kama wasu shafuka ya yage, ya cusa a aljihu. Ni kuwa gani nake ina cin ciniki.

"Ƙuli bakwai, Baba. Ko ɓari ba na ƙarawa."

"Kin tabbata, Tasalla?"

Ban faɗa masa sunana ba. Amma baki ya riga ya saba.

"Ni ba a maimaita min ciniki."

Ya miƙo min. Shafi bakwai suka rage.

Bayan la'asar na zauna a ƙofar ɗaki, na ɗora yatsa a baƙin farko. Sai na ji tari. Nan, a gefen damana, inda tabarmar maigidana take a da. Sannan muryarsa ta ɗauki karatu, a hankali, har da yadda yake tsayawa ya ce, "Kina ji kuwa?" Ban waiga ba. Da shafin ya ƙare, muryar ta ɗauke, takarda ta koma fara fat.

A nan na tuna kaurin littafin kafin in buɗe baki. Ko da shafi ɗaya a rana, da ya kai ni shekara.

Shafi shida sun tafi cikin mako guda, don ban iya haƙuri ba. Sau tara ina komawa tsamiyar nan da tire cike, ran nan har da kaskon suyata. Ba kowa sai kiyashi.

Ɗayan da ya rage yana cikin adaka, naɗe a hular maigidana. Kada ki tambaye ni yaushe zan buɗe shi, Hansatu. Sai ranar da shirun gidan nan ya fi ƙarfina.

Ku dai kada wadda ta bi hanyar tsamiya ita kaɗai da rana tsaka. In kuwa ƙaddara ta kai ki, kika tarar da shi, kada ki taya. Ki sauke masa tiren duka. Ki ce na Tasalla ne.