Karo Ɗari Biyu, Lamba Ɗaya

Auta ta kasa zama. Ta je bakin taga, ta dawo gaban kwamfuta, ta sake miƙewa.

Wata takwas tana fama da manhajar da ke kwaikwayon karon ƙwayoyin zarra, ita da saurayinta Dogo, mai tura ayyukan cikin manyan kwamfutoci. Ɗazu Farfesa ya kira ta ofis.

"Gwaji kashi ɗari biyu kika ce kin gudanar, amma duk iri ɗaya ne har ɗigo. An ce kwafa kika yi. Zuwa ƙarfe huɗu ki kawo bayani, ko digirin ya tafi."

Ta san mai kai ƙarar: wata abokiyar aikinsu, wadda ba lissafi kaɗai ke kai ta teburin Dogo ba. Har gida ma ta kai labarin, don ga Yaya a waya.

"Na faɗa miki yaron nan ba shi da natsuwa. Baba ya ce a jingine maganar aure."

Ta buɗe fayil ɗin. Kowane kashi na buƙatar lambar farawa daban, in ba haka ba manhajar ta yi ta maimaita karo iri ɗaya. Nan kuwa, daga sama har ƙasa, 1403.

Sha huɗu ga watan uku. Ranar da suka haɗu da Dogo.

Shi ne ya saka ta. In ta yi shiru ta rasa digiri, in ta faɗa a kore shi.

Sai ga Dogo ya shigo.

"Abar ƙaunata..."

"Ajiye wannan tukuna. Dubi nan."

Ya duba, gumi ya karyo masa.

"So na yi ki kasance a cikin kowane karo... na manta ban canza ba."

"Ai kuwa na kasance. Sau ɗari biyu!"

Bai jira huɗu ta yi ba. Ya shiga wurin Farfesa da ƙafarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne, ba nata ba." Aka cire sunansa daga aikin. Daga nan ya wuce gidan su Auta, ya durƙusa gaban Baba ya maimaita, Yaya na tsaye yana harararsa.

Baba ya ce, "Mai iya faɗin laifinsa, zan iya ba shi 'yata."

Auta ta sake tura aikin da hannunta, lamba ɗari biyu, kowace daban. Dogo ya leƙo.

"To, ranar aurenmu fa, a saka ta?"

"A jikin katin gayyata kawai za a rubuta ta," in ji ta, ta janye kwamfutar daga gabansa.