Butar Da Ba Ta Gidanmu Ba

"Auta, buta ce fa, ba mota ba. Minti arba'in muna tsaye..."

Ko kallon Injiniya ban yi ba. Haka yake, minti biyar a kasuwa azaba ce a wurinsa. Saura wata biyu bikinmu, daga nan mu wuce garin da aka mayar da shi aiki, tafiyar yini guda cur. Ya baro ofis ya rako ni, a zatonsa kayan kicin ɗinmu nake haɗawa.

Mai shagon, wani dattijo mai haƙuri, ya jera mana butocin shayi a kan kanta. Injiniya ya ɗauki wata ja mai sheƙi.

"Wannan ta yi. Kalar labulen da kika zaɓa ce."

"Kyan ɗan maciji ke nan," na ce. "Baba, in an manta ta a kan wuta har ruwan ya ƙone, za ta huje?"

"Wannan kam sai haƙuri, 'yata, gindinta kamar takarda. Ga mai kaurin nan, ƙarfenta ba ya tsatsa."

Na ɗaga ta da yatsu uku, yadda hannun Umma yake iya riƙo yanzu. Buta uku mahaifiyata ta ƙona tun da ciwon mantuwa ya kama ta. Ta ukun, maƙwabta ne suka hango hayaƙi ta taga, ni ina wurin aiki. Yayata ta taɓa ɗaukar ta zuwa gidanta, Umma ta kwana huɗu tana kuka tana laluben ƙofar ɗakinta, ta ƙi cin komai, har likita ya ce kada a sake raba ta da inda ta sani. Sauran yayyena kuwa kowa da uzurinsa, kuma uzurin nasu ba ya tsufa. Duk sanda na tada maganar wanda zai zauna da ita bayan biki, Injiniya sai ya ce za a samu mafita. Ni na gaji da jiran ta.

"Baba, tana fito in ta tafasa?"

"Sosai ma."

"Har a ji daga ɗakin baya, ko ƙofa na rufe?"

Injiniya ya yi dariya. "Wane ɗakin baya kuma, ranki ya daɗe? Ciki da falo muka kama, ko tari kika yi a kicin..."

Bai ƙarasa ba. Gidan Umma ne mai ɗakin baya. A hankali ya ajiye jar butar, ya juya ga dattijon.

"Baba, mai kaurin nan, shekara nawa take yi?"

"Goma ma ta wuce, in Allah ya yarda."

Sai da muka fito bakin titi ya yi magana.

"Goma, Auta? Yaushe kika yanke?"

"Ran hayaƙin nan."

"Zan jira ki. Wallahi zan jira."

"Ka jira me? In na ce ka jira ni, mutuwar Umma nake cewa ka jira. Kullum ka kira waya ka tambayi jikinta, sai mu duka mu ji kunyar abin da ke ranmu. Ba zan iya ba."

"To in bar aikin!"

"Ƙannenka huɗu da ke makaranta fa? Su koma ina?"

Ina son mutumin nan har cikin ƙashina, kuma ban taɓa jin son ya yi min ciwo kamar ranar ba.

"Abar ƙaunata..." ya ce. Ya karɓi ledar daga hannuna. "Bari dai in kai miki gida."

Muka tarar da Umma a kujerarta kusa da taga, tana ninke ɗankwali ɗaya tana warwarewa. Ita ce bara ta sa mana albarka har da hawaye. Injiniya ya durƙusa ya gaishe ta, ya shiga kicin ya ɗauraye butar da kansa, ya cika ta, ya ɗora a kan gas. Sannan ya yi sallama, bai yarda mun haɗa ido ba.

Umma ta bi bayansa da kallo har ya ja ƙofa.

"Auta, wane ne wannan bawan Allah?"

"Baƙo ne, Umma."

"Kai, yana da ladabi." Ta kamo hannuna tana murmushi. "Ke ma ki daina zama min a gida haka. Allah ya ba ki miji irinsa."

Na ce amin.